Kalmar da Ke Yatsun Baba

Ni na sayi akwatin wayfai ɗin, ni nake sabunta shi duk wata, amma a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi ba wanda ya taɓa kiransa nawa. Na Baba ne. Tun ranar da aka kafa shi ya ƙwace shi, ni kuma na bar masa, don na ga ya samu abin yi bayan ritaya.

Baba mai buga tafireta ne a sakatariya tun kafin a haife ni. Duk zamanin soja yana kan kujera ɗaya, yana buga wasiƙun mutanen da ba su san sunansa ba. Ina sakandare mulki ya dawo hannun farar hula, kuma ba a jima ba aka fara shigo da kwamfutoci ofisoshi, aka kwashe tafiretocin aka jibge a sito. Abokan aikinsa hankalinsu ya tashi, wasu har suka fara maganar komawa gona. Shi kuwa ya ba mu labari cewa zama kawai ya yi gaban na'urar, ya ɗora yatsunsa, sai ya tarar kowane harafi yana nan inda ya bar shi. Ya ce, "Ashe gidan nan ne dai, fenti aka sake masa." Bai taɓa kallon madannan ba in yana bugu. Idonsa na kan takarda, wani lokaci ma yana hira da kai, yatsun suna can suna harkarsu.

Ranar da mai haɗa wayfai ɗin ya zo, ya hau rufi ya kafa ƙarfe, ya zuro waya zuwa falo, ya ɗora ɗan akwatin a saman kabad ɗin kwanukan Inna. Korayen fitilu suka fara ƙiftawa. Baba ya ɗauki wayarsa ya shiga zagayen gida, daga kicin zuwa zaure, har bakin banɗaki, yana duba ko abin ya biyo shi. Ya dawo ya tsaya gabana da wata irin fuska da ban saba gani ba.

"Uwata, ta cikin bango yake wucewa?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min.

Na ce, "Ta ciki, Baba."

Ya shafa bangon da tafin hannu. Sannan ya ce, "Da a ce zan aika takarda Hotoro, sai masinja ya hau keke ya yi wuni. Allah mai iko." Ni a lokacin dariya abin ya ba ni. Na girma da waya a hannu, ban ga abin al'ajabi a ciki ba.

Kafin mai haɗawar ya tafi, Baba ya ce bai yarda da kalmar sirrin da kamfani ya liƙa a ƙasan akwatin ba. Ya karɓi laftof ɗin mutumin, ya ce kowa ya juya baya, har shi mai laftof ɗin. Muka ji ƙarar yatsu, ƙas-ƙas-ƙas, shi ke nan. Da yamma ya kira ni gefe ya raɗa min sabuwar kalmar a kunne, ya ce tunda ni na saya ina da haƙƙi. Na gyaɗa kai, hankalina yana kan motar da zan kama in koma gidana a Tarauni. Ta kunnen dama ta shiga, ta hagu ta fice, ban kuwa damu ba tunda wayata ta riƙe.

Daga nan wata doka ta kafu a gidan. Duk wanda ya zo ya nemi wayfai, ko jika ne, ko suruki, ko 'yan matan nan masu koyon jinya da ke haya a gidan da ke kallon namu, Baba ba ya faɗa da baki. Zai miƙa hannu ya ce, "Kawo wayar." In ka ba shi sai ya ce, "Juya." Sai ka juya ka kalli bango kamar ɗan makarantar da aka sa horo. Ba rowa ba ce, don bai taɓa hana kowa ba. Yana dai son a zo a tambaye shi, kamar yadda Inna ke son baƙo ya karɓi ruwa daga hannunta. Mun sha tsokanarsa cewa ko bankin ƙasa bai kai shi tsaro ba, sai ya ce ai shi ya sa ba a taɓa yi masa fashi ba.

Hawan jini ne ya kayar da shi wata rana da azahar, a wurin alwala. Wayarsa ta zame daga aljihu ta faɗa bokitin ruwa, daga ranar ba ta sake kunnuwa ba. Asibitin koyarwar da nake aikin jinya yana kusa, don haka mun isa da wuri, an kuma yi masa duk abin da ake iya yi. Ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta tafi. Kalma ɗaya ta rage masa, ita ce "to". A tambaye shi ko zai ci abinci, to. A tambaye shi ko yana jin ciwo, to. A kira sunan autarmu, to. Da aka sallame shi na roƙi maigidana, na tattaro kayana daga Tarauni na dawo ɗakin da na yi 'yanmatanci.

Masu dubiya suka yi ta zuwa. Da farko suna gaishe shi. Daga baya suka koma gaishe mu a kansa, suna tambayar ya mai jiki alhali mai jikin yana kwance gabansu ido biyu. Baffa, ƙanensa, ya taɓa cewa a bakin gadon, "Sai dai addu'a, gangar jiki ce ta rage." Raina ya ɓaci ƙwarai, sai da na fita tsakar gida don kada in yi wa babba rashin kunya. Baba kuwa juyar da fuska ya yi ga bango, kuma tun daga nan ya fi yawan kwanciya haka.

Wata safiya ina dama masa kunu Inna ta shigo kicin ta janyo ƙofa. Ta ce, "Ke da kike aikin asibiti, gaya min tsakani da Allah. Malam yana ciki kuwa? Yana jin mu?"

Na ga hoton ƙwaƙwalwarsa da idona, na ga inda jini ya yi ɓarna, na san sunan wurin da Turanci. Amma tambayarta ba ta cikin hoton. Na ce, "Inna, ana sa rai." Ta dube ni, ta san maganar asibiti na yi mata, ta ɗauki kofin kunun ta fita. Wannan tambayar ita na yi ta yawo da ita, a wurin aiki da cikin adaidaita sahu da kan sallaya.

Ana cikin haka na tafka wauta. Autarmu tana karatu a ƙasar waje, kullum takan kira ta bidiyo don ta ga Baba. Ɗakinsa can ƙurya yake, sabis ɗin waya ba ya shiga, sai wayfai kaɗai. Kwana biyu hoton ya riƙa tsayawa, fuskarta ta daskare baki buɗe. Wata abokiyar aikina ta ce in sa wayar ta manta da wayfai ɗin in sake haɗawa, zai daidaita. Na dawo gida na danna. Wayar ma baiwar Allah sai da ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata, da ƙarfin halin wadda ba ta san abin da take yi ba. Sai ga ɗan fili fari ya buɗe yana jiran kalmar sirri.

Na tsaya a tsakiyar falo ina kallonsa. Na matse ƙwaƙwalwata. Na tuna ranar sarai, na tuna ƙamshin turarensa da ɗumin numfashinsa a kunnena, amma kalmar ko harafinta na farko ban kamo ba. Na gwada sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, na gwada sunan ƙauyensu, na gwada lambar tsohon babur ɗinsa Besfa. Wayar Inna 'yar ƙarama ce mai madannai, ba ta san wani wayfai ba. 'Yan matan da ke haya sun gama karatu sun tashi. Na kira kamfanin, wani mutum mai sanyin murya ya ce abu ne mai sauƙi. A bayan akwatin akwai ɗan rami, in zura allura in danna in riƙe, komai zai goge ya koma yadda ya fito daga shago.

Na ɗauko allurar ɗinkin Inna, na taka kujera. Na juyo da akwatin, ga ramin nan kuwa. Daga inda nake tsaye ina hango Baba ta ƙofar ɗakinsa, ya ba mu baya. Sai na shiga lissafin abin da aka riga aka karɓe masa ba tare da an tambaye shi ba. Makullin gida yana aljihun Baffa. Wurinsa a sahun farko na masallacin unguwa wani ya gaje shi. Rediyonsa ma mu muke zaɓa masa tasha. Abu ɗaya ya rage a gidan nan da sai ta hannunsa ake samu, ni kuma ga ni da allura. Tausayinsa ya kama ni. Na mayar da akwatin yadda yake na sauko.

Na je na durƙusa bakin gadon, na sa masa wayar a hannun hagu. Na ce, "Baba, wayfai nake so. Sa min." Ya kalli wayar, ya kalle ni, ya ce, "To." Wayar ta sulale kan bargo, ya mayar da fuska bango. Ban san lokacin da haushi ya taso min ba. Na fito falo ina faɗa ni kaɗai, cewa wannan wace irin doka ce mutum ya kafa wa gida, yanzu ga shi ya bar mu a waje.

Inna tana tsintar shinkafa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ai ba haka yake tunowa ba."

Na ce, "Kamar yaya?"

"Ku kullum bango kuke kallo, ba ku gani. Ni da nake gefe ina gani. In kun juya, sai ya ajiye wayar ya ɗora hannuwansa biyu a gwiwa ya buga ta tukun, sannan ya ɗauka ya danna. Shi kansa ba da ka ya riƙe ta ba." Ta watsar da wata tsakuwa. "Ko a barci yatsun nan ba sa hutawa. Yanzu ma na hagun suna yi a kan bargo."

Na ga wannan motsin ni ma. Na ɗauka rawar jijiya ce irin ta masu ciwon, har na faɗa wa likita.

Maƙwabciyarmu ta jikin katanga malamar sakandare ce 'yar Filato, ta fi shekarun aurena a unguwar, kuma tun kwanciyar Baba ba ta fasa leƙowa ba in ta dawo daga makaranta. Malama muke ce mata, ita kuma tana ce min Sista. Tana da laftof na makaranta da take buga jarrabawa da shi. Na je na faɗa mata abin da nake so. Ba ta tambaye ni dalili ba, ta ce gobe Asabar za ta kawo da hantsi.

Da ta zo, muka tayar da Baba zaune, muka tokare shi da matasai. Na ɗora faranti a cinyarsa, Malama ta buɗe laftof ɗin a kai, ta nemo wayfai ɗin gidanmu ta buɗe wurin sa kalmar. Ta ce, "Baba, yau ni ce baƙuwar. A taimaka min."

Ya daɗe yana kallon madannan. Na fara tunanin mun wahalar da shi a banza. Can sai hannun hagunsa ya taso daga kan bargo, ya sauka a kansu, manuniyarsa tana lalube. Akwai wani ɗan tudu ƙanƙane a kan biyu daga cikin madannan, wanda masu bugu suke gane mazaunin yatsunsu da shi. Ni sai ranar na san da shi. Yatsan ya same shi ya tsaya, sauran suka jeru a gefensa, bayansa kuma ya ɗan miƙe daga jikin matashin.

Ya fara bugawa. Ƙas, ƙas, sai ya dakata. Ƙas, sai ya sake dakatawa. Ya gama, laftof ɗin ya ƙi. Ya sake, da dakatawar a wurare iri ɗaya, ya sake ƙi. Sai na fahimci abin da nake gani. Hannun hagu nasa rabon yake bugawa, yana barin gurbi ga ɗan'uwansa, yana jiransa ya shigo. Baba ya sunkuyar da kai ya kalli hannun daman da ke yashe a gefensa. Ya ce, "To." Wannan "to" ɗin na san ta. Ita yake yi mana muna yara in ya aike mu mun tsaya wasa.

Na zagaya na ɗago hannun. Nauyi gare shi, ga sanyi. Na buɗe yatsun na jera su a kan madannan, na sa manuniyar a kan nata tudun, na tallafe wuyan hannun da yatsuna yadda nake yi in zan ji bugun jinin majinyaci. Muka jira. Bai motsa ba. Ya zuba min ido kawai.

Malama ce ta gane. Ta ce, "Sista, juya mana. Ke ba ki san dokar gidanku ba?"

Na kawar da fuska ga bango, hannuna yana riƙe da nasa. Malama ta juya. Inna ma, da ba ta taɓa juyawa ba, ta juya.

Na ji hagun ta fara. Ƙas, ƙas. Ta dakata. A cikin wannan dakatawar, a ƙarƙashin yatsuna, wata jijiya ta ja. Kaɗan ne ƙwarai, kamar zaren da aka taɓa daga nesa, amma na ji ta, kuma na san ba rawa ba ce. Makonni muna gasa hannun nan, muna murza shi, muna roƙonsa ya matse min yatsa, ko gezau. Yanzu ga saƙo ya taso daga can inda hoton ya nuna ɓarna, ya nemo hanyarsa, ya iso daidai yatsan da ake bukata a daidai lokacinsa. Da tafireta ce da ba zai iya ba, sai an sa ƙarfi. Madannan laftof taɓawa kawai suke so. Na ji wani ƙas mai rauni, sannan hagun ta karɓa.

Na yi shekaru ina aiki da jikin ɗan Adam, na wanke shi, na ɗinke shi, na rufe masa ido, har na ɗauka na saba da shi. Ranar na ji tsoron Allah ya sauko min irin wanda ban taɓa ji ba a cikin asibiti. Sai na tuna shi yana shafa bango yana tambaya ko ta ciki yake wucewa, ni ina dariya.

Karon farko bai yi ba. Ya ja dogon numfashi ya sake, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Hannuna ya gaji amma ban saki ba. A wani karon, bayan ƙas na ƙarshe, bai sake bugawa ba. Malama ta saci kallo ta gefen ido. Ta ce a hankali, "Ya shiga."

Inna ba ta yi guɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta juyo ta gyara mayafinta, ta matso ta durƙusa a bakin gadon. Ta ce, "Sannu da aiki, Malam." Gaisuwar da take masa ke nan kullum in ya dawo daga sakatariya, tun muna ƙanana. Ya dube ta sosai ya ce, "To." Ba ta sake yi min waccan tambayar ba.

Malama ta share ido da gefen zani, ta koma halinta na malama. Ta ce akwai inda ake dannawa a laftof ɗin ya nuna haruffan a fili, in kwafa in sa a wayata, in kuma ajiye don gaba. Shawara ce mai kyau. Na miƙa hannu zan jawo laftof ɗin.

Hannun hagun Baba ya sauka a kan nawa. Ba ƙarfi a cikinsa, amma ya tsayar da ni. Sannan ya juya tafin sama ya buɗe, ya riƙe shi haka a gabana. Na ciro wayata daga aljihu na ɗora masa. Ya ajiye ta a cinya, ya ɗora hagun a gwiwa, ya kalli hannun daman, na ɗauko masa shi na ɗora a ɗaya gwiwar. Ya ɗago ya zuba min ido yana jira.

Na juya na kalli bango. Fentin ya ɗan ɓare daidai inda yake jingina kai, na tsaya ina kallon wurin hawaye suna sauka, ban share ba. Ya daɗe ƙwarai, har na ji an fara kiran azahar a masallacin unguwa, ban kuma waiga ba. Can na ji gefen wayar ya taɓa min gwiwar hannu.

Har yau ban san kalmar ba.